Harsashi biyar a aljihu ba za su tsare Zariya ba

Tun da aka fara shigowa har cikin unguwannin Zariya ana ɗaukar mutane, maganar mallakar bindiga ta tashi daga bakin mafarauta ta koma bakin malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti. A 2021 abin ya yi ƙamari. A watan Yuni 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli cikin dare, suka kashe ɗalibi, suka tafi da ɗalibai da malamai. Ba a cika wata guda ba suka shiga gidajen ma'aikatan asibitin tarin fuka da kuturta na Saye, suka kwashi mutane har da ƙananan yara, a daidai lokacin da wasunsu ke buɗe wa ofishin 'yan sandan yankin wuta don kada a kawo ɗauki. Mutanen Ƙofar Gayan ma sun ga nasu. Magidancin da ya kwana a tsugune bayan ƙofa yana jin harbi na matsowa, matarsa na toshe wa jariri baki don kada ya yi kuka, ba ka da bakin ce masa kada ya yi tunanin makami. Ni ma ba zan ce ba.

Abin da nake ja a kai shi ne irin makamin da tunanin matasanmu masu waya a hannu ya fi karkata gare shi: ƙaramar bindigar nan mai ganga, libarba, wadda ake sakawa a aljihu ba wanda ya sani. Sun gan ta a YouTube da Facebook, inda Amurkawa ke ɓata sa'o'i suna gardamar wace ƙira ce ta fi, wane harsashi ne ya fi. Ra'ayina shi ne wannan gardama tasu ce, an gina ta a kan dokarsu da irin ɓarawonsu da irin gidajensu. Wanda ya ɗauko ta ya dasa a Tudun Wada ko Samaru zai sayi abin da ba zai tare masa 'yan bindiga ba, amma zai iya kai shi kurkuku, ko ya jawo makoki a cikin gidansa.

Bari in yi wa abin adalci tukuna, don gardamar tasu ba shirme ba ce. Libarba tsohuwar fasaha ce, tun 1836 Samuel Colt ya yi wa tasa rajista a Amurka. Abin da ya raba ta da fistol irin ta 'yan sanda shi ne gangar: dunƙulen ƙarfe mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa, duk jan kunama sai ta juya ta kawo na gaba. Galibinsu ba su da makullin da mutum zai manta ya buɗe in ya ruɗe. Ba ta cika cijewa ba, in kuma wani harsashin ya ƙi tashi sai a sake jan kunama ta wuce shi. Ƙananan cikinsu, masu guntun baki da bai wuce inci biyu ba, sun yi suna ne da Detective Special ta kamfanin Colt a 1927, mai cin shida, da Chiefs Special ta Smith & Wesson a 1950, mai cin biyar. A 2009 kamfanin Ruger ya fito da LCR, wadda wani sashe na jikinta roba ce mai tauri. Masu jikin alminiyam nauyinsu bai kai rabin kilo ba.

Sai rigimar harsashi, wadda ta fi zafi. Na gargajiya shi ne .38 Special, ya haura shekara 120 ana aiki da shi, kuma 'yan sandan Amurka sun daɗe a kansa. A 1935 aka fito da .357 Magnum. Kaurinsu ɗaya ne, kimanin milimita 9, sai dai kwanson Magnum ya ɗan fi tsawo, matsin da yake haifarwa a cikin bindiga kuma ya ninka na wancan. Da gangan aka tsawaita shi, don kada wani ya ɗura shi a bindigar da ba za ta iya ɗauka ba. Shi ya sa ta .357 take cin .38, amma ta .38 ba ta karɓar .357. Mai son ƙarfi zai ce a ba shi Magnum. To amma a guntun baki harsashin yana ficewa kafin albarushi ya gama ci, sai wani kaso na ƙarfin ya tafi a walƙiya da ƙara. A cikin ɗaki da dare walƙiyar takan ɗauke wa mai harbin gani, ƙarar ta toshe masa kunne. Ga kuma shuri, don bindiga mara nauyi ba ta da jikin da za ta shanye shi, tafin hannu ne ke sha. A ɗaya gefen akwai .22, ba ya shuri, ganga takan ɗauki har takwas, amma ba shi da ƙarfi kuma ya fi saurin ƙin tashi. A tsakani akwai dangin .32, irin su .327 Federal, masu ba da shida a jikin da .38 ke ba da biyar.

Bayan duk wannan ja-in-ja, masu koyar da harbi a can kusan bakinsu ɗaya ne: lambar harsashi ba ita ce babbar magana ba, ka zaɓi wanda za ka iya yawan atisaye da shi. Sun san ƙaramar libarba tana cikin bindigogi mafi wuyar saiti. Kunamarta tauri gare ta, sai an ja da ƙarfin da ya kai kilo biyar ko fiye, a jikin abin da bai kai rabin kilo ba, don haka kafin ta tashi bakin ya riga ya karkace. Mariƙin ƙarami ne, ba ya cika hannu. Wanda yake son ya iya ta sai ya riƙa zuwa filin harbi yana ƙona ɗaruruwan harsasai.

Wannan shawara tasu ita ce ta kashe maganar a wajenmu. Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ya miƙo mini waya a teburin mai shayi a Kwangila, wani Bature mai gemu yana jujjuya wata 'yar mitsitsiyar bindiga a tafin hannu. Ya ce, "Kawu, dubi wannan. Ko a aljihun kaftani sai ta ɓace. Da Baba yana da irinta, wallahi da ba na kwana da fargaba." Na ce masa, "To a ina Baban zai koyi harba ta?" Ya ɗan yi shiru yana juya cokali a kofi, sannan ya ce ai akwai bidiyo na koyarwa. Mai shayin, wanda duk yana jin mu yana fasa ƙwai, ya ce, "Yallaɓai, ko keke ba a koyo a waya." Babu filin harbi na farar hula da Baban zai je, babu shagon da zai sayi harsashin libarba da rasit. Ranar farko da zai ja kunamarta ita ce ranar da mutane suka haura masa katanga, cikin duhu, jikinsa na ɓari.

Ga abin da ke faruwa da waɗanda ma aka horar. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta fitar da rahoto a 2008. In ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari na harsasansu ne kawai ke samun wanda aka nufa. Mutanen da aikinsu ke nan, ana biyan su albashi a kai. A lissafa wannan da harsashi biyar, bai ma cika ɗaya ba. Sauran kuma dole su sauka wani wuri. A cikin birni ko Tudun Wada ko Sabon Gari, inda ɗakin wani ke jingine da na wani, inda ƙyaure kwano ne, taga langa-langa, wannan wani wurin ɗakin maƙwabci ne ko ɗakin 'ya'yanka.

Sai doka. Mutane da yawa suna zaton libarba kamar bindigar farauta take, a je wajen 'yan sanda a cike takarda. Ba haka ba ne. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, kuma a nan ta jera libarba da fistol, sahu ɗaya da mashinga da bama-bamai da bindigogin soja. Ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da raifal ta farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗurawa ta baki, harba-ka-ruga da danginta, waɗannan Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Hukuncin riƙe bindigar kashi na farko ba lasisi ɗaurin shekara goma ne, mafi ƙaranci. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da izini. Wato duk farar hular da ya nuna maka libarba a Zariya, in ba ɗan gata ne na gaske ba, ta bayan fage ta zo. Ko dai fasa-ƙwaurinta aka yi, ko ta ɓace daga wata ma'ajiyar hukuma, ko ƙirar gida ce wadda ba wanda ya gwada ƙarfen da aka yi ta da shi. Wanda ya sayar masa da ita kuma ba shi kaɗai yake sayar wa ba. Kuɗinsa ya shiga kasuwar da ke ciyar da mutanen da yake tsoro.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta: gara alƙali ya ɗaure ni da a kai ni daji. Magana ce mai nauyi, kuma da libarbar za ta hana a kai shi dajin da sai in yi shiru. Ba za ta hana ba. An ƙera ta ne don mutum ɗaya da ya tare mutum ɗaya a wurin ajiye motoci, tazarar taku uku ko huɗu, cikin 'yan daƙiƙu an gama. Wannan shi ne ɓarawon da Ba'amurke yake hange in yana zaɓar harsashi. Namu ba haka suke zuwa ba. Suna zuwa ne a kan babura, goyon biyu da uku, gomiya-gomiya, da AK-47 wadda gidan harsashinta ɗaya ke cin talatin, take kuma kayar da mutum daga nisan mita ɗari uku. Wasu su tare hanyar shigowa, wasu su yi ta harbi sama, wasu su nufi gidan da infoma ya riga ya nuna.

Su kansu Amurkawan sun ɗanɗana wannan bambanci. A ranar 11 ga Afrilun 1986, a Miami, jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta FBI su takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu. Galibin jami'an libarba suke riƙe da ita, ɗaya daga cikin 'yan fashin kuma yana da raifal mai gidan harsashi. Cikin 'yan mintuna aka kashe jami'ai biyu, biyar suka ji rauni, kafin a gama da 'yan fashin. Ɗaya daga cikin jami'an an harbe shi a hannu, ya kasa sake ɗura gangarsa. Bayan wannan rana hukumar ta kama hanyar barin libarba. Takwas ke nan a kan biyu, da hasken rana, kuma horarru. A juya lissafin: magidanci ɗaya a kan mutum ashirin, ƙarfe biyun dare. Harbinsa na farko zai nuna musu ɗakin da yake, kuma gidan da da za a ɗauki mutum ɗaya a nemi fansa sai ya zama gidan da aka yi musu turjiya. Kowa ya san abin da suke yi wa irin wannan gida.

To ina libarba take da amfani a nan? Wajen ƙananan ɓarayi, masu ƙwacen waya da wuƙa a lungu, ko mai haura katanga shi kaɗai. Gaskiya ne, a nan za ta iya razana mutum. Amma a auna. Kundin Tsarin Mulki, a sashe na 33, ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, sai dai da ƙarfin da ya dace da barazanar, kuma kotu ce ke auna dacewar, ba mai harbin ba. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi na jihar Adamawa wanda ya ce an kai masa hari ne da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace ta ya soki maharin. Hujjar kotu ita ce tun da ya ƙwace makamin, yana da damar gudu. Mutane da yawa sun ga ba a yi masa adalci ba, har aka yi ta kiran a yafe masa. Amma a lura, wannan wuƙar maharin ce ma, ba tasa ba. Ina ga wanda ya fito da haramtacciyar bindiga ya harbe yaron da ya fizge masa waya yana gudu?

Abin da ya fi damuna kuwa ba kotu ba ce, gida ne. Bindigar kare kai dole ta kasance a ɗure kuma kusa da hannu, in ba haka ba ba ta da amfani. A ina za a ajiye ta a gidan Bahaushe? Ƙarƙashin katifa, inda yara ke tsalle in an tafi kasuwa. Saman wadrob, inda ake taka kujera a ɗauko kuɗin cefane. Cikin akwatin kaya, wanda uwargida ke buɗewa duk sati. Gidajenmu ba na mutum uku ba ne. Akwai 'ya'yan gida da na riƙo, da almajirin da ke wanke-wanke, da ƙanin miji mai zaman kashe wando, da saurayin da ya fara shan abin da ba a so. Babu abin da ke ɓuya a irin wannan gida har shekara. Kuma abin da ake yabon libarba da shi, cewa ba ta da makulli, ja kawai ake yi, shi ne ke sa ta zama bala'i a hannun ɗan shekara goma sha biyu da ke son nuna wa abokansa.

Ga kuma fushi. Rikicin gado, rikicin kishiyoyi, iyakar gona, bashin da ya ƙi biyuwa, cacar baki a kan hanya tsakanin mai mota da ɗan acaɓa, ranar zaɓe. Yau waɗannan suna ƙarewa da zagi, ko mari, in ta yi tsanani sanda, sai dattawa su shiga tsakani. Da bindiga a aljihu ba a samun wannan tazarar da dattijo zai ce "haba, ku ji tsoron Allah". Amurka, wadda ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ya ce fararen hularta na riƙe da bindiga miliyan 393, fiye da yawan mutanenta, ta rasa mutum 48,830 ta hanyar bindiga a 2021 kaɗai. Fiye da rabinsu ba ɓarawo ne ya harbe su ba, su suka harbe kansu. Za a ce mu ba ma haka, imani ya hana. Allah ya sa. Amma duk mai zama da mutane ya san yadda matsin rayuwa ya taɓa ƙwaƙwalwar magidanta a 'yan shekarun nan.

Masu kawo hujjar addini suna da gaskiyarsu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, kuma ba malamin da ya ce Musulmi ya miƙa wuya a yanka. Sai dai a littattafan nan dai aka hana nuna ɗan'uwa da makami, don kada Shaiɗan ya fizgi hannun mutum, aka kuma umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibiyoyi ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Shari'ar da ta halatta kare kai ita ce ta damu da makamin da ke yawo cikin jama'a. A riƙa karanto su tare.

Sai hanya. Mai libarba ba don ya bar ta a gida ya saye ta ba, zai so ya tafi da ita Kaduna, ko Funtuwa, ko gona wajen Giwa. A shingen farko da aka ce ya fito a laluba shi, ya zama ɗan bindiga, kuma ba wanda zai tsaya jin cewa shi malamin firamare ne. In jami'ai ne da sauƙi. A ƙarshen Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da ke dawowa gida hutun Sallah, suka ga bindigogin toka. Kafin a ce kwabo jama'a sun taru, aka kashe mutum 16. Bindigogin farauta ke nan, irin waɗanda doka ta san da zamansu.

Duk da haka ba zan tsaya a "kada a yi" ba, don wannan ita ce amsar mai gadi a ƙofa. Akwai rashin adalci a fili a tsarin da muke ciki. Babban mutum na yawo da 'yan sanda a gaba da baya, an sha ba da umarnin a janye su amma sai a ga sun komo. Ɗan fashin daji bai taɓa neman lasisi ba. Small Arms Survey ta ƙiyasta bindigogin da ke hannun fararen hula a Najeriya sun haura miliyan 6, kuma kaɗan ne cikinsu ke da takarda. Wanda doka ta ɗaure wa hannu shi ne mai bin doka. Ko ƙofar da ta rage masa, ta bindigar farauta, a watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Shugabanni kuma suna ta jefa wa talaka magana suna wucewa. Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018 cewa mutane su tashi su kare kansu. Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya ce wa mutanensa a 2021 su nemi bindiga. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba fom ɗari biyar-biyar ga masarautu 19 don a nemi lasisi, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A doka Irabor ne mai gaskiya. Amma mutumin ƙauye da ya ji gwamna a rediyo ya sayar da buhunan masara ya sayi makami, shi aka bari a tsakiya: in 'yan bindiga suka same shi su kashe shi, in sojoji suka same shi su kama shi. Wannan ba shugabanci ba ne, zame kafaɗa ne.

Abin da na ga yana aiki a unguwanninmu ba a aljihu yake ba. A wata unguwa da ke gefen gari na taɓa kwana wajen wani aboki, na ga yadda suke yi. Bayan isha'i aka ja ƙarfe aka tare bakin layi. Matasa suka rarrabu kusurwa-kusurwa da tocila da usur, kowane gida ya san darensa, wanda ba zai iya fitowa ba ya ba da kuɗin shayi da batir. An rataye tsohon wilin mota a jikin darbejiya, da guntun rodi a gefe, in aka buga shi har unguwa ta uku ana ji, su ma su buga nasu. Ladan yana da makullin lasifikar masallaci a aljihu. Wani tsohon maharbi na zaune a kan benci da bindigarsa ta toka a kan cinya, ya lulluɓe kunamar da tsumma saboda raɓa, ba ya magana sai tauna goro. Duk baƙon babur da ya shigo sai an san gidan da za shi. Mahara suna lissafin lokaci, suna son su shiga shiru su fita kafin gari ya farka. Unguwar da ke farkawa gaba ɗaya cikin minti biyu ta fi ƙarfin lissafinsu, ko da ba ta fi ƙarfin makamansu ba.

A kan wannan ya kamata a gina. A sake buɗe lasisin bindigogin kashi na biyu, amma ga kwamitin tsaron unguwa ko ƙauye mai rajista, ba ga duk mai kuɗin saye ba. Mai unguwa da dagaci su sa hannu a kan kowane suna, hakimi ya tabbatar, DPO ya binciki mutum. Dokar 1959 ta riga ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka ɗaure kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce, sai a ƙara gwajin ƙwaya a kai. Bindigogin su yini a ma'ajiya ɗaya, a sa hannu a karɓa da magariba, a mayar bayan asuba, a ƙirga harsasai, wanda ya harba ya rubuta dalili. Doguwar bindiga ba ta ɓuya a riga, ba a shiga kasuwa da ita, ba a zuwa gidan surukai da ita. Masu horarwa kuwa ba a rasa su a garin da Defot ɗin sojoji yake tun 1924, tsofaffin sojoji sun cika Sabon Gari da Basawa suna zaman jiran fansho. Jihar Kaduna tana da hukumar 'yan sintiri ta KADVS, wadda gwamnatin Uba Sani ta ƙara wa mutum 7,000 a 2023, sai a ɗaure kwamitocin a jikinta maimakon kowa ya yi gaban kansa.

Ban ce wannan ba shi da haɗari ba. Zamfara ta nuna mana abin da 'yan sa-kai marasa linzami ke jawowa: aka riƙa kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba bincike, danginsa su shiga daji su dawo da ramuwa a kan ƙauye guda. Uromi ma 'yan banga ne suka fara. Shi ya sa nake nacewa a kan rajista da ma'ajiya da ƙirga harsashi, da sharaɗin cewa duk wanda aka kama hannun 'yan sanda za a miƙa shi da ransa, da kuma sa Fulanin da ke zaune a yankin cikin kwamitin, don su ma ana sace musu shanu ana ɗaukar musu 'ya'ya. Kwamitin da ya karya sharaɗi a ƙwace lasisinsa gaba ɗaya, mai unguwar da ya sa hannu ya zo ya yi bayani. Bindigar farauta ma ba ta kai AK-47 ba, na sani. Aikinta ta riƙe bakin layi daga bayan katanga har sojoji ko 'yan sanda su iso, kuma in ba za su iso ba to wannan wata shari'ar ce da gwamnati za ta amsa, tun da sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki ya ce tsaron jama'a da walwalarsu su ne aikinta na farko.

Makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Gwamna ba zai iya ba, Majalisar Jiha ba za ta iya ba, fadar Sarkin Zazzau sai dai ta ba da baki. Dokar da muke fama da ita an rubuta ta ne shekara guda kafin 'yancin kai. Mutanen Zariya kuwa suna da hanyar da wasu ba su da ita, don a watan Yunin 2023 ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar Zariya, Tajudeen Abbas, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai. Kwamitocin unguwanni, da limamai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da malaman sashen shari'a na ABU da ke harabar Kongo su zauna su rubuta gyaran da suke so a yi wa dokar, sashe-sashe, su kai ofishin mazaɓa, su nemi a sa ranar sauraron jama'a a nan Zariya.